Huffin Baba da Ɗaliban Jami'a

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da wani maƙwabcina mai fataucin kayan gwari. Shi dankalin turawa da kabeji ne suka kai shi Jos, ni kuwa kiran ƙanwata ne. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba in na yi tafiya in dawo muku da labarin abinci da hotunan duwatsu. Wannan karon ko hoto ɗaya ban ɗauka ba, kuma sai da na yi kwanaki a gida kafin na iya zama in rubuta.

Ƙanwata ce ke zaune da Babanmu a gidan gado da ke bayan kasuwar Katako tun rasuwar Inna. Ta buga mini waya ta ce wasu ɗaliban jami'a masu karatun kiwon lafiya za su zo makarantar firamaren unguwa ranar Asabar, su duba tsofaffi kyauta, su koya musu motsa jiki da abin da ya kamata su riƙa ci. Ta ce Baba ya rame, ba ya rabo da shan ruwa, ga yawan zagayawa, amma ya rantse ba yara ne za su yi wasa da jikinsa ba. Ta ce in ni na zo na tsaya zai ji nauyina ya je. Ni ne ɗan farinsa. Tun ina yaro bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce wa wani, a gaya wa wancan kaza. Ni ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Haka muka taso, kuma haka nake alfahari da shi a gaban 'ya'yana.

Kuɗin mota ya ninka yadda na san shi, amma cunkoson bai ragu ba. An danna mu a baya kamar buhunan albasa, maƙwabcina yana ta mita cewa kabejin da zai saro sai ya fi shi samun wurin zama a dawowa. A Kwanar Ɗangora muka sha shayi a tsaye. Daga Tudun Wada hira ta fara mutuwa, muna shiga dajin Falgore direba ya kashe waƙa ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Dajin ya yi kore shar saboda damina, kyakkyawa ne ƙwarai, amma babu mai kallonsa don nishaɗi. Wata mata a gabana tana ta jan carbi, wani mutum kusa da ita yana motsa baki da tasa addu'ar ta coci. Sai da muka wuce shingen sojoji na ƙarshe aka soma tari da gyaran murya. A Saminaka muka sayi dafaffiyar masara ta taga, sabuwar karya, mai zaƙi. Daga nan kuma sai ramuka, direba yana kauce wa wannan yana faɗa wa wancan.

Bayan Jengre hanya ta fara hawa, iska ta canja. Duk wanda aka haifa a Jos ya san wannan wurin, inda fata ke gaya maka ka kusa gida kafin ido ya gani. Ga duwatsu ɗaya kan ɗaya kamar wani ne ya jera su, ga shingen kerana kewaye da gonaki, ga yayyafin nan na watan Agusta wanda ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya amma ba ya ɗaukewa. Na rabu da maƙwabcina a Farar Gada cikin caɓi da warin ruɓaɓɓen tumatir, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Katako.

Na sami Baba a ɗakinsa, zaune a bakin gado cikin rigar sanyi da hular ulu, ƙafafunsa cikin huffi, wato safar fata da dattawa ke sawa su riƙa shafa a kanta wajen alwala maimakon wanke ƙafa. A Jos wannan ba abin tambaya ba ne, sanyin garin ya ishi kowane tsoho hujja. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, ya tambayi mutanen gida. Na ji wani wari a ɗakin, mai nauyi, mai ɗan zaƙi-zaƙi. Na ce a raina danshin damina ne da tsohuwar fata. Na fita na sayo turaren wuta na ba ƙanwata.

Washegari ya bi ni ba gardama, yana dogara sanda, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya yi shekarunsa yana ɗaukar katako a kafaɗa kafin ya sami rumfarsa, don haka ban yi mamakin tafiyar ba. Makarantar tana kan iyakar unguwarmu da ta maƙwabtanmu Kirista, shi ya sa aka zaɓe ta, kowa zai iya zuwa ba tare da ya shiga lungun da yake tsoro ba. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba. Ɗaliban suna sanye da fararen riguna a kan rigunan sanyi, maza da mata, da malamarsu guda, wata doguwar mace mai gilashi da ba ta ɗaga murya.

Ban taɓa ganin tsofaffin ɓangarorin nan biyu a inuwa ɗaya ba tun kafin a ƙona babbar kasuwa. Wasu sun gane juna, aka yi ta riƙe hannu ana lissafa waɗanda suka mutu. Da aka zo motsa jiki, ɗaliban suka sa su ɗaga hannu sama daga zaune, su juya wuya, su miƙe ƙafa. Wani tsoho ya ce shi rabonsa da ɗaga hannu haka tun ranar da 'yan fashi suka tare su a hanyar Bauchi. Wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ce masa ai da alama ranar ma bai ɗaga da kyau ba, shi ya sa suka tafi da haƙoransa. Har Baba sai da ya yi murmushi. Aka yi musu bayani a kan gishiri da sukari a shayi, aka ce gwaten acha da ganye ya fi musu farar shinkafa. Tsofaffin suka ce sun ji, sai dai a je a gaya wa kasuwa.

Sannan aka shiga awo. Wadda ta karɓi Baba wata ɗaliba ce 'yar ƙasar nan ta Filato, gajeriya, da ƙaramin gicciye a wuya. Ta gaishe shi har da rusunawa. Ta ɗaura masa abin awon jini a damtse, ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Na ga ta dubi na'urar, ta sake sokin wani yatsan, ta sake dubawa.

"Baba, suga naka ya hau sosai," in ji ta. "Bari in duba ƙafa naka."

Baba ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera. Ya ce yana da alwala, ba ya cire huffi. Ta ce akwai ruwan ɗumi a fulas, za a wanke masa ya mayar. Ya ce a'a. Ta yi masa bayani a hankali cewa mai ciwon suga yakan ji rauni a ƙafa bai sani ba, don ƙafar takan daina jin zafi, shi ya sa malamarsu ta ce kada su bar kowa ya tashi ba su ga tafin ƙafarsa ba. Tana magana tana durƙusawa, har hannunta ya kai kan zip ɗin huffin hagu.

A nan na shiga. Mutane suna kallo, dattawan unguwa da suka san ni tun ina yawo ba wando. Na ga yarinya mace, wadda ba ta kai 'yata ta biyu ba, tana neman tuɓe wa mahaifina abu a bainar jama'a. Na daka mata tsawa. Na ce ta ɗauke hannunta, ba a yi wa dattijo haka, in a gidansu ba a koya mata ba to mu an koya mana. Na faɗi wata magana kuma a kan addininta wadda ba zan maimaita ta a nan ba. Wasu dattawa suka gyaɗa kai, ni kuma na ji kaina ya yi girma.

Ta miƙe, ta cire safar hannunta, ta ce, "Oga, yi haƙuri. Amma wani ya duba shi yau."

Malamarsu ta ja ni gefe. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ta fahimci al'ada, ita ma tana da uba. Ta ce in kai shi asibiti a farkon mako saboda sugan, amma ƙafar kada ta kwana ba a gani ba, in ya ƙi kowa to ni ɗansa in duba da kaina in mun koma gida. Na ce mata in Allah ya yarda. Na faɗa ne don ta sake ni.

Ban duba ba. Da muka koma na tsaya a ƙofar ɗakinsa, na rasa ta inda ɗan fari zai fara ce wa ubansa ya miƙo ƙafa. Na ce sai anjima. Na fita zaga gari.

Zan gaya muku abin da na gani, tunda labarin tafiya na ɗauko, ko da yake yanzu kunyarsa nake ji. Na je Taminus. Gawar babbar kasuwa tana nan tsaye, baƙa, ciyawa ta fito a samanta, 'yan kasuwa sun baje kaya kewaye da ita kamar ba su ganinta. Gwanjon rigunan sanyi ya fi komai ciniki. Na ci masa da miyar taushe a wurin wata mata da ta gaji rumfar daga uwarta, ɗanɗanon bai canja ba, girman masar ne ya koma rabi. Na leƙa Jos Jarawa wajen wani abokin makaranta da ke sayar da kayan masarufi a ƙofar gidansa, muka yi hirar da, muka rabu tun rana ba ta faɗi ba, don shi da kansa ya ce gara in koma da haske. A Katako na zauna da abokan Baba cikin ƙarar injin yanka da ƙamshin ɗanyen katako. Suka ce ya kwana biyu bai fito ba. Ɗayansu ya ce tun ranar da ya taka ƙusa a bakin rumfa bai cika zuwa ba, ai su ne ma suka nuna masa, shi bai ji ba. Na ji wannan da kunnena, na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da shan shayina.

Farkon mako ya zo, ban kai shi asibiti ba, na ce sai ruwa ya ɗauke. Zazzaɓi ya rufe shi, na je kemis na sayo maganin cizon sauro. Ƙanwata ta ce, Yaya, maganar yarinyar nan fa. Na ce ta yi mini shiru, ita ma ta zama likita ne?

Ranar Alhamis da la'asar aka yi sallama. Ɗalibar nan ce, da wani ɗalibi namiji mai ɗan gemu da tabon sallah a goshi. A cikin aikinsu akwai bin tsofaffin da awonsu bai yi kyau ba har gida, kuma ita ta roƙi malamarsu a ba ta gidanmu, ta nemo abokin karatunta Musulmi don Baba ya fi sakewa da shi. Ba ta taɓa shiga unguwarmu ba sai ranar. Ta yafa gyale, ta tsaya a tsakar gida, ta ce ba za ta shiga ɗakin ba.

Saurayin ya shiga ya zauna a ƙasa. Na ji yana ce wa Baba shi ma kakansa ba ya rabo da huffi, kuma ya san hukuncin, in an cire sai a wanke ƙafa nan take alwala tana nan. Ya ce shi zai wanke masa da hannunsa. Baba yana rawar sanyi, ƙarfin musu ya ƙare masa. Can ya ce, "Ku ce wa wancan ya fita."

Na fita. Na tsaya kusa da yarinyar da na zaga, babu mai kallon wani. Huffin dama ya fita lafiya. Na hagu ya ƙi, ya manne, sai da saurayin ya leƙo ya karɓi almakashi a hannunta. Da ya yanka fatar, warin ya fito har tsakar gida, ƙanwata ta toshe baki ta yi bayan gida da gudu. Saurayin ya kira ɗalibar, ya ce ta zo ta gani, wannan ya fi ƙarfinsa. Ta shiga. Baba bai hana ba.

Ni ma na leƙa. Yatsu uku sun yi baƙi kamar gawayi, tafin ya kumbura yana ruwa, jan ya haura idon sawu. A kan ramin ƙusar akwai tsumma da garin kafso da yake ɓarewa yana barbaɗawa da kansa. Ashe ya sani. Daga baya ya gaya wa ƙanwata cewa wani abokinsa ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, shi ya sa ya rufe tasa ya bar wa Allah.

Ɗaliban ba su tsaya wanke komai ba. Suka rufe ƙafar da bandeji, suka kira malamarsu a waya, ita ta yi magana da asibiti kafin mu isa. A kafaɗar saurayin Baba ya fita zuwa mota.

Asibitin cike yake, majinyata har a baranda, masu jinya sun shimfiɗa kwali a ƙasa. Aka sa masa ƙarin ruwa da allurai. Da safe likita ya kira ni ya ce ruɓar ta shiga jini, ba maganar yatsu ake ba, sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma in aka jinkirta ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Ya ce ba za su taɓa shi ba sai ya yarda da bakinsa, tunda yana cikin hankalinsa.

Baba ya ce a mayar da shi gida. Ya ce da ita aka haife shi, da ita za a binne shi, ba zai bari a jefa wani sashe na jikinsa a bola ko a ƙona shi ba. Ƙanwata ta yi kuka har muryarta ta dushe. Limamin unguwa ya zo ya yi masa nasiha, ya saurara da ladabi, ya ce ya gode. Ɗaliban nan biyu sun zo bayan sun tashi daga aji, saurayin ya yi nasa ƙoƙarin, bai yi nasara ba. Ɗalibar ce ta same ni a baranda ta ce, "Oga, saura kai. Kai ne ba ka yi masa magana ba."

Na shiga na durƙusa a gefen gadon, ba daga bakin ƙofa ba. Na kalli fuskarsa. Ban san ta tsufa haka ba.

Na ce, "Baba, ba za a jefar da ita ba. Ni zan karɓe ta, in kai ta maƙabartar da Inna take, in binne ta da hannuna."

Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina."

"To, ka gaya musu."

Aka shiga da shi tiyata. Muna jira na tambayi ɗalibar abin da ke cina, ko da an gani tun ranar Asabar da an ceci ƙafar. Na so ta ce a'a. Ta yi tunani, ta ce ba ta sani ba, ita ɗaliba ce, kuma ba ta jin likitan ma zai iya rantsewa. Ta ce abin da ta sani shi ne ranar Asabar da ƙafarsa ya tako zuwa makaranta, kuma babu zazzaɓi a jikinsa. Na ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa mata. Ta ce ya wuce, ta duba agogo ta ce tana da wata tsohuwa da za ta gani a Jos Jarawa kafin duhu.

Wani ma'aikacin ɗakin tiyata ya miƙo mini ƙafar a naɗe cikin leda. Na riga na sayo farin yadi, na ƙara naɗe ta a ciki. Na tsayar da mai keke, ya tambaye ni kayan mene ne, na gaya masa, ya yi salati, ya kai ni maƙabarta. Ana yayyafi. Mai gadin wurin ya nuna mini gefen katanga, ba nisa da Inna, ya ɗauko magirbi zai haƙa, na karɓa. Ƙasar ta jiƙe, ba ta yi wuya ba. Ƙafar ta fi nauyin da na zata. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe ƙafar mahaifina ba sai a bakin ramin nan.

Baba ya farfaɗo. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi, na ce an yi, na kwatanta masa wurin. Ya lumshe ido. Na zauna da shi har aka ce zazzaɓin ya sauka, ni nake juya shi, ni nake kai shi zagayawa, abin da da ko a mafarki ba zai yarda ba. Ɗaliban sun ce in an sallame shi za su riƙa zuwa gida su koya masa tafiya da sanduna, su koya wa ƙanwata duba ɗaya ƙafar kullum da safe.

Na dawo ni kaɗai, maƙwabcina ya daɗe da komawa da kabejinsa. Hanyar ita ce dai, Jengre, Saminaka, Falgore, amma ban iya gaya muku ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Na shigo Kano bayan la'asar cikin zafi, da rigar sanyi a jikina na manta ban cire ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na ɗauka kunyar da ke tsakanina da Baba ladabi ce zalla. Wani ɓangarenta ladabi ne. Sauran kuwa sauƙi ne na samar wa kaina, don wanda ba ya kallon ubansa ba zai ga abin da zai ɗaga masa hankali ba. Na ji wari na sayo turare, na ji labarin ƙusa na sha shayi, wadda ta durƙusa za ta yi abin da ya kamata in yi na zage ta a gaban mutane. Ina roƙon Allah gafara, kuma ba na neman kowa ya ce mini ƙaddara ce, na san ƙaddara ce, na kuma san rabona a ciki.

In yaran nan masu fararen riguna suka zo unguwarku, ku kai tsofaffinku, kuma ku matsa gefe ku bar su su yi aikinsu. In ba su zo ba, ku shiga ɗakin da kanku, ku zauna a ƙasa, ku ce a miƙo ƙafa. Zai yi fushi, zai ce ba ku da kunya. Ku bar shi ya faɗa, gara ku riƙe ta tana jikinsa.